Ina gayaunar yaranka?

Wani matashi daga yankin Bunkure ya aiko da tambaya. Yana da injin casar shinkafa guda ɗaya, da gangunan turara, da ƴar gonar rani. Yara bakwai ke masa aiki, ban da ƴan ƙwadagon da yake ɗauka lokacin dashe da yanka. Ya ce matuƙar yana tsaye a wurin komai na tafiya daidai, amma ranar da ya tafi Dawanau ko Kura sai ya dawo ya tarar shinkafa ta kakkarye, mai ya ƙone fiye da aikin da aka yi, kowa kuma na cewa ba shi ba ne. Sau biyu yana ƙara musu kuɗi, abin bai canza ba. Yanzu shi kansa aikin ya fara fita daga ransa. Yana so ya sani: ya sallame su ya ɗebi sababbi, ko akwai wata dabara?

Ɗana, Allah ya sa albarka a nema. Kada ka kori kowa tukuna. In ka sallami bakwai ɗin nan ka kawo wasu bakwai ka ɗora su a kan tsarin da ke nan, kafin shinkafar rani ta nuna za ka sake aiko min da wannan tambayar. Na yi shekaru ina aikin malamin gona tsakanin Kura, Garun Malam da Bunkure, daga baya na kafa injina, kuma abin da kake faɗa na ɗanɗana shi har ya hana ni barci. Maganin da na samu, a gidan mahaifina na tarar da shi.

Ka tuna yadda gandu yake. Uba da ƴaƴansa, har waɗanda suka yi aure, gona ɗaya suke nomawa. A fita da sassafe, a tashi wajen azahar, abin da aka girbe ya shiga rumbun maigida. Amma maigidan nan akwai nauyi a wuyansa wanda kowa ya sani. Shi ke ciyarwa, shi ke kawo fartanya da garma, shi ke yi wa saurayi auren fari, shi ke biya wa ƴaƴan haraji kafin gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a 1979. Sannan ga gayauna, ƴar gonar da ake yankar wa ɗa ta zama tasa ta kansa. Da yamma in an tashi daga gandu, da ranar Juma'a, can yake nufa. Abin da zai shuka ra'ayinsa ne, abin da ya samu aljihunsa ne. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya ga wannan da idonsa: saurayin da aka yi ta fama da shi ya ƙarasa kunyarsa da hantsi, shi za ka hango da la'asar sakaliya ya sunkuya a gayaunarsa, ba wanda ya aike shi, har sai magariba ta koro shi gida. Dattawan sun san ɗa ba zai jure gandu shekara da shekaru ba sai cikinsa a cike yake, yana da abin da yake nasa, kuma yana hango ranar da za a ware shi ya zama maigidan kansa. Gidan da uba ya hana gayauna ko ya yi ta jan ƙafa kan auren ɗa, daga nan ne samari ke sulalewa ci-rani su ƙi dawowa.

To dubi wurinka. Yaranka bakwai gandu zalla suke yi maka. In shinkafa ta fito fara tas, ribarka ce. In ta karye, asararka ce. Su dai ranar biya abu ɗaya ne za su karɓa. Mutumin da ke cikin wannan hali idonka yake yi wa aiki, shi ya sa da idon ya tafi Dawanau aikin ya bi shi.

Ka kuma lura da inda kake zaune. Tun da aka kammala dam ɗin Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ya fara bin magudanai zuwa Kadawa da kewaye, yankinku ya zama wurin da ake samun ƙwadago rani da damina. Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta na 2019 kuma injinan shinkafa suka yawaita. Yaron da ya iya riƙe inji yana da inda zai je gobe da safe. Barazanar kora ba ta tsorata shi yadda kake zato, sai dai ta sa ya fara leƙe-leƙe.

Mu fara da biya, domin in wannan bai tsaya ba sauran magana ɓata baki ne. Ka ce ka ƙara musu kuɗi sau biyu, amma ba ka gaya min ko kana biya a ranar da ka yi alkawari ba. Wannan ya fi ƙarin muhimmanci. Yaron da aka ce masa Alhamis, Alhamis ta zo aka ce ya bari sai an sayar da kaya, ya riga ya ci bashin mai shago a kan Alhamis ɗin nan, kuma kunyar da zai ji a bakin shagon kai zai ɗora wa. Hadisin da Ibn Majah ya ruwaito ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. A cikin Bukhari kuma akwai mutum uku da Allah ya ce shi ne abokin shari'arsu ranar Alƙiyama, ɗayansu wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi haƙƙinsa. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi da takardar naira ta yi wuya, na ga bambancin a fili. Masu gonar da suka ce wa ƴan dashe su yi haƙuri sai kuɗi ya samu, irinsu ya tsufa a gadon reno ba mai cirewa. Mu da muka auna wa mutane shinkafa a kwano da yamma a madadin kuɗi, ba mu rasa hannu ba ko rana ɗaya.

Amma biya a kan lokaci ɓacin rai kawai yake kawarwa, ba ya haifar da himma. Wani masani a Amurka, Frederick Herzberg, shi da abokan aikinsa sun zauna da injiniyoyi da akantoci kimanin 200, suka tambaye su lokutan da suka fi jin daɗin aiki da lokutan da suka fi jin haushinsa, suka fitar da sakamakon a 1959. Abin da suka gano shi ne abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai, kamar tsarin wurin, halin shugaba, yanayin aiki da albashi, daban suke da abubuwan da ke sa shi ƙwazo, wato ya cim ma wani abu, a san da ƙoƙarinsa, a ɗora masa nauyi, ya ga yana gaba. Wasu masana sun soki yadda aka yi binciken, kuma ni ma ina cewa mutanen da ya tambaya ba masu tunanin tuwon dare ba ne, ga yaranmu kuɗi ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Duk da haka ƙashin bayan maganar gaskiya ne, kuma kai ma ka gwada: ƙari biyu ka yi, kowanne ya yi daɗin sati biyu ya zama abin da aka saba.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Duk yadda ka auna aiki, haka aikin zai karkata. Ka ba ƴan dashe jinga a kan fangali, za su warwatsa shuka su bar tazara mai faɗi don su gama da wuri, alhali abin da ake so kusan santimita 20 ne tsakanin shuka da shuka, da iri mai sati biyu zuwa uku. Ka biya su kuɗin yini, za su dasa da kyau amma rana ta faɗi ba a ci rabin gona ba. Ba mugunta ba ce, kowa yana bin inda ribarsa take. Shi ya sa nake ba da jinga amma da igiya mai ƙulli ta auna tazara a hannu, kuma a san tun farko sai na zaga na gani kafin biya. A inji ma haka yake. In kuɗin mai riƙe da inji a kan yawan buhun da ya casa ne, zai tura shanshera, wato shinkafa mai ɓawo, ko ba ta bushe ba, zai matse inji don ta fita fara a zubi ɗaya, kai kuma ka kwashi tsaki.

Ni na yi kuskure a nan, kuma ya ci min kuɗi. Da na fara tunanin ba yara wani abu nasu, sai na ce wa mai riƙe min inji duk tsakin da ya fita nasa ne, ya sayar wa masu kaji da masu dambu. Niyyata alheri ce. Cikin wata biyu tsaki ya ƙaru yadda ban taɓa gani ba. Yaron nan ba ɓarawo ba ne, na san shi na san gidansu, amma ni da bakina na mayar da karyewar shinkafata ta zama ribarsa, hannunsa kuwa ya daina nauyin matse inji. Kada ka ba kowa gayauna a cikin ɓarnar kayanka. Ka yanka masa ita a wurin da in ya samu kai ma ka samu.

Yadda na gyara shi ne na fara sanin lissafina. A kilo 100 na shanshera, kusan kilo 20 ɓuntu ne, kilo 8 zuwa 10 dusa, abin da ya rage wajen kilo 70 shi ne iyakar shinkafar da inji mai kyau zai iya bayarwa, ƙananan injina irin namu kuwa ba sa kai nan. Kai nawa naka ke bayarwa? Ina kyautata zaton ba ka taɓa aunawa ba, domin yawancinmu da ido da buhu muke lissafi, buhu kuwa wani ya fi wani ciki. Ka nemi sikeli. Ka yi sati biyu kana tsaye, kana rubuta nauyin shansherar da ta shiga, nauyin lafiyayyar shinkafar da ta fita, nauyin tsaki, da litar man da aka ƙona. Wannan shi ne ma'auninka. Sai ka tara yaran ka gaya musu a fili: ga abin da injin nan ke bayarwa, duk abin da ya haura wannan a ƙarshen wata, kashi kaza naku ne ku raba, man da aka rage ma haka. Ka sa su a rabo ɗaya, da mai shanya da mai turara da mai inji, domin aikin sarƙa ne. Ranar da mai inji ya san shanyar wane tana taɓa aljihunsa, shi zai riƙa zuwa ya tauna ƙwaya ya ce a ƙara juyawa, ba sai kana nan ba.

Gayaunar da ta fi wannan ƙarfi kuwa ita ce ka bar kowane yaro ya sayi shansherarsa, ko buhu ɗaya ne a sati, ya turara a gangarka, ya casa a injinka kyauta a wani lokaci da ka ware, ya sayar da abinsa. Wanda ba shi da jari ka ranta masa buhun farko. Daga ranar injin ya zama nasa shi ma. Yaron da shinkafarsa ke jiran casa ranar Juma'a da safe ba zai bar inji ya yi aiki ba baƙin mai ba ranar Laraba. Za ka ji wasu masu inji suna cewa haka yara ke koyon satar hanya, su cusa nasu a cikin na maigida. Akwai wannan haɗarin, littafi da sikeli ne maganinsa. Hana gayaunar ba ya hana sata, sai ma ya ba mai yin ta hujja a zuciyarsa.

Sai maganar wanda ke riƙe wurin in ba ka nan. Na tabbata ranar da ka tafi Dawanau, in bel ya tsinke yara zama suke yi su kira ka a waya, in ba ta shiga ba su jira. Kai ka koya musu haka, domin wataƙila wani ya taɓa yanke shawara da kansa ya sha faɗa. Ka zaɓi mutum ɗaya ka naɗa shi wakili a gaban kowa, da bakinka, ka faɗi iyakarsa: zai iya kashe kuɗi har kaza a kan gyara ba sai ya tambaye ka ba, zai iya mayar da shansherar da ba ta bushe ba ko ta wa ce, zai iya tsayar da inji. Ka ba shi makulli da littafi. In bai yi boko ba ya rubuta da ajami, lissafi dai ake nema. Wajen zaɓe ka tuna abin da ɗiyar dattijon Madyana ta faɗa wa mahaifinta game da Annabi Musa a Suratul Ƙasasi, aya ta 26, cewa mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi, amintacce. Iyawa da amana ke nan, babu zancen shekaru ko dangantaka. Na san a ƙauye wannan da wuya. Cikin bakwai ɗin nan ba za a rasa ƙanen mai ɗakinka ko ɗan yayanka ba, kuma in ka tsallake shi ka naɗa bare, maganar sai ta kai cikin gida. Ka je ka gaida manya ka yi musu bayani tun kafin ka naɗa, ka nema wa ɗan'uwan wani sashe da zai riƙe shi kaɗai, kamar sayen shanshera ko kula da gona. Amma kada zumunci ya sa ka miƙa makulli ga wanda kai kanka ba za ka iya tambayarsa lissafi ba.

In ka naɗa kuma, ka bar shi ya yi. Ranar da ka warware hukuncinsa a gaban yara, ranar ka sauke shi ko ba ka faɗa ba.

Game da karyewar shinkafar da kake tararwa, kafin ka ɗora wa mai inji ka je filin shanya. Yawancin karyewa can ake haifar da ita. Shinkafar da aka turara aka baza a zafin ranar Maris ko Afrilu, aka bar ta ba juyi, bayanta ke bushewa da sauri cikinta da sauran danshi, sai ƙwayar ta tsage tun tana cikin ɓawonta, ido ba ya gani. Haka wadda ta bushe ƙayau sannan raɓa ta sauka mata. Inji sai dai ya ƙarasa abin da rana ta fara. Ana so a baza ta ba kauri, a riƙa juyawa, in ta yi rabin bushewa a tattara ta a inuwa ta huta kafin a ƙarasa, a casa ta danshinta na wajen kashi 14 cikin ɗari. Akwai ƴar na'urar gwada danshi da ake sayarwa, in da hali ka saya, in babu haƙori ma yana faɗa wa wanda ya saba. Na kawo wannan ne don ka ga yadda maigida zai dawo a gajiye ya zazzage wa mai inji faɗa a kan laifin da aka yi tun jiya a kan tamfol. Yaron ya san an zalunce shi, mai laifin ya san ya tsira, daga nan kowa ya koyi cewa gaskiya ba ta da amfani a wurin. Anas ɗan Malik ya ce ya yi wa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, hidima shekara goma, bai taɓa ce masa tir ba, bai taɓa ce masa don me ka yi kaza ko don me ba ka yi kaza ba. Mu ba za mu kai can ba, amma ko kaɗan muka ɗiba zai gyara wurarenmu. In an yi ɓarna ka tambayi yadda aka yi kafin ka tambayi wanda ya yi, gyaran mutum kuma ka ja shi gefe. Yabo ne ake yi a bainar jama'a, shi ma ka faɗi takamaiman abin da aka yi, kamar ka ce zubin jiya na shinkafa samfurin Jamila ya fita ba tsakuwa ko ɗaya, wane ne ya wanke?

Wurin da ba a tsoron faɗin gaskiya, nan ne dabara ke fitowa. Shekaru muna turara shinkafa a ganga, ta ƙasa tana zaune cikin ruwa tana dahuwa har ta yi duhu, ta sama ba ta ji tururi sosai ba, in an casa launi ya fito biyu, ƴan kasuwa su karya farashi. Wata rana bayan sallar la'asar ina zaune da yara a kan buhuna, na ce ko wani yana da shawara kan launin nan. Ƙaramin cikinsu, wanda aikinsa hura wuta ne da ɗebo ruwa, ya yi ta wasa da tsinke a ƙasa, can ya ce ya taɓa gani a wani gari ana sa faifan ƙarfe mai huji-huji a cikin gangar, a ɗora shi kan duwatsu, ruwa na ƙasa shinkafa na sama, tururi kaɗai ke taɓa ta. Na ce tun yaushe ya gani? Ya ce bara. Na ce me ya hana shi faɗa? Ya ce, "Baba, ba a tambaye ni ba." Muka kai wa mai walda tsohon murfin ganga ya huhhuda, washegari muka gwada a ganga ɗaya. Da aka buɗe, ɓawon ya tsattsage daidai daga sama har ƙasa, itacen da muka ƙona ma bai kai na kullum ba. Shekara guda maganin yana zaune a bakin murhuna. A masana'antun Toyota na Japan akwai igiyar da ke rataye a saman layin haɗa motoci, ƙaramin ma'aikaci in ya ga kuskure yana da ikon ja, shugaban sashe ya rugo, in ba a gyara nan take ba layin ya tsaya. Kamfanin da ke ƙera miliyoyin motoci ya yarda cewa wanda hannunsa ke kan aiki ya fi ganin aibinsa. Kai ma ka ware rabin awa a sati, a zauna, ka yi tambaya ka yi shiru. Matan da ke yi muku turara a cikin gida ma ka aika a tambayo su, akwai dattijan da ƙanshi kaɗai ke gaya musu shinkafa ta jiƙu ko ta fara tsami. Shawarar da aka kawo a gwada ta a ganga ɗaya ko fangali ɗaya. In ta yi, a kira ta da sunan mai ita, a ba shi tukwici. In ba ta yi ba, asarar taka ce, kada ka cire a kuɗinsa.

Akwai abin da masu inji ba sa son ji, amma sai na faɗa. Yaronka mafi ƙwazo zai tafi wata rana. Abin da ke hannunka shi ne ya tafi da albarkarka ko ya tafi da kwastomominka. Alhassan Ɗantata, haifaffen Bebeji nan kusa da ku, wanda ya rasu a 1955, kasuwancinsa na goro da gyaɗa ya bunƙasa ne a kan wakilai da yaran da yake ba jari su shiga ƙauyuka su sayo. Har yau a Kantin Kwari da Dawanau ubangida nagari shi ne wanda ake nuna mutane a ce wane da wane shi ya yaye su. Ka gaya wa wakilinka tun yanzu, in ya yi maka shekara kaza da amana za ka taimaka masa ya kafa nasa, ko ku haɗa jari a inji na biyu ya riƙe. Ka cika kuma, domin sauran shida suna kallo. Cikin waɗanda na yaye, akwai wanda yau shi ke turo min shanshera daga Haɗeja in tamu ta yi tsada.

Wanda za ka sallama ba ya wuce iri biyu: wanda aka kama da sata bayan an kafa sikeli da littafi an kuma yi masa gargaɗi, da wanda aikinsa kashe wa sauran gwiwa da zuga. Su ma ka biya su haƙƙinsu cif, ka sallame su a mutunce, gari ɗaya kuke.

Ka ce aikin ya fara fita daga ranka. Ban yi mamaki ba. Ka kafa injin nan don ka zama ɗan kasuwa, ka wayi gari ka zama mai gadin kayanka daga asuba zuwa isha'i, ba ka iya zuwa suna ko jana'iza sai hankalinka na kan inji. Wannan gajiya ce ta gaske, kada ka ɗauke ta a matsayin raunin zuciya ko rashin godiya. Wani ɓangarenta kuma ba daga kai ba ne. An cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin ban ruwa da sufuri ya tashi. A 2024 gwamnatin tarayya ta ba da damar shigo da wasu kayan abinci ba haraji na kwana 150, daga baya farashin shinkafa ya sauka, masu inji da manoma da yawa suka ji a jikinsu. Wanda bai raba abin da ke hannunsa da abin da ba ya hannunsa ba, duka zai ɗora wa kansa. Ka yanka wa kanka albashi kamar kowane yaro, ka daina ɗibar cefane daga kuɗin inji, domin mai aljihu ɗaya ba ya sanin yana gaba ko yana baya, kuma wannan rashin sanin ya fi ɗaukar buhu gajiyarwa. Ka ɗauki Juma'a bayan masallaci ta zama taka da iyalinka. Ka nemi masu inji biyu ko uku da ka yarda da su ku riƙa zama kuna kwatanta lissafi. Sannan ka tuna sashen aikin da ya fara ja ka ciki, ko gona ce ko ciniki, ka mayar da mafi yawan lokacinka can. Kai ma kana bukatar gayaunarka a cikin gandun da ka kafa.

Bayan sati biyun awo, in ka naɗa wakili, ka zaɓi rana ka gaya musu za ka Dawanau, ka tafi, kada ka kira kowa a waya. Zuciyarka za ta yi ta raya maka ka kira, ka daure. In ka dawo ka gaishe su tukuna, ka ɗebi shinkafar da aka casa a tafin hannu ka duba a haske, sannan ku zauna kai da wakilin ku biyu ku buɗe littafi. Tafiyar farko za ka ga gyara, wataƙila har da asara. Ka nuna masa wurin, ka mayar masa da makullin, ka sa ranar tafiya ta biyu. In kun yi wata uku a haka ka aiko min da alƙaluman littafin, na shanshera da na shinkafa da na mai, mu duba tare mu ga kashi nawa ya kamata ka tsayar musu.